Kofin Kyaftin Almu

Duk wanda ya san Kyaftin Almu a garin Greenbelt na Amurka ya san labarin jirginsa, ko yana so ko ba ya so. Ka tare shi a bakin masallaci ka ce ina kwana, kafin ka sa takalminka ya kai ka Maiduguri ya dawo da kai. Yana cikin samarin Arewa na farko-farko da aka ɗora a kujerar matuƙi, zamanin ƙananan jirage masu farfela, lokacin da mutanen ƙauye ke fitowa da gudu su ga abin da ke kuka a sama. Ya ɗauki likitoci, ya ɗauki buhunan wasiƙu, har rago ya taɓa ɗauka, in ji shi. Yanzu ya haura tamanin, yana zaune da matarsa Hajiya Hasiya a gidan 'yarsu Tayyiba, kuma zuciyar da ta jure guguwa ta fara gardama. Likitoci suka ce sai tiyata.

Ranar da za a kai shi, ya sha shayinsa da asuba kamar kullum, duk da an hana shi madara da komai, ruwan zafi ne zalla aka ba shi kurɓi ɗaya. Ya ajiye kofin a kan tebur, ya gyara hularsa.

"To Hajiya, zan ɗan leƙa."

"Allah ya tsare," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Shi ke nan fa. Babu rakiya, babu ko tsayuwa a bakin ƙofa. Abin ya ci ran Tayyiba tun daga gida har ta hau babban titin Beltway da shi zuwa asibiti. Mutum za a tsaga masa ƙirji, matarsa tana zaune tana jan carbi kamar kasuwa za shi!

Da aka shiga da shi, aka ce aikin zai daɗe, sai ta koma gida ta dubo uwar. Tayyiba irin mutanen nan ne da in hankalinsu ya tashi sai hannunsu ya nemi aiki. Ta share falo, ta goge tebur, ta kwashe kwanuka ta wanke tas, har da kofin uban, ta kife shi a cikin 'yan'uwansa.

Hajiya ta fito daga ɗaki bayan ta idar da walha. Ta dubi teburin, ta tsaya.

"Ina kofin babanki?"

"Na wanke, Umma."

Tsohuwar ta dafa kujera ta zauna a hankali. Tayyiba ta girma ba ta taɓa ganin hawayen uwarta ba, sai ranar.

"Tun muna Fagge," in ji Hajiya, "ban taɓa raka shi ba, don na san in na je bakin ƙofa ba zan bar shi ya fita ba. Kofinsa kuma ba na wankewa sai ya dawo. In na dube shi sai in ga kamar ya ɗan tashi ne, yanzu zai zo ya ƙarasa. Na san ba kofi ke dawo da mutum ba, Allah ke dawo da shi. Amma da shi nake zama."

Tayyiba ta durƙusa ta kama ƙafarta. "Umma ki yafe mini, wallahi ban sani ba. Na ɗauka ba ki damu ba ne."

"Ke dai yarinya ce har yanzu. Kin san yadda nake sanin ya dawo? In ya taho sauka, ta kan gidanmu yake bi, ya karkata fiffike dama, ya karkata hagu. Duk unguwa sun san ni ake wa. Sai in ce a ɗora shinkafa." Ta share fuska da bakin mayafi, ta sake duban teburin da babu komai a kansa. "Ba zan iya zama da tebur haka ba. Ɗauko mini takalmina, ki kai ni wajensa."

A hanya, Hajiya ta kafe ido a sama ta gilashin mota, inda jiragen Washington ke ta wucewa, manya-manya, babu wanda ya karkata wa kowa.

Sai bayan la'asar aka bar su suka shiga. Kyaftin yana kwance, ya ƙanƙance a cikin farin zani, da bututu a bakinsa, injuna na ta ƙara a gefensa. Wata nas ta ce aikin ya yi, amma bai farka ba tukuna, kuma a shekarunsa farkawar ita ce abin jira. Hajiya ta tsaya a ƙarshen gadon. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ta yi ta gudu tun tana amarya.

"Malam," ta ce, "ni ce. Yau na biyo ka."

Ta sake kiransa.

Can sai fatar idonsa ta motsa. Ya buɗe, ya lalubo ta da kallo har ya same ta. Magana ba dama, ga bututu. Sai ya ɗaga hannun da babu allura, da ƙyar, ya shimfiɗa tafin a iska. Ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu.

Hajiya ta tare hannun da nata biyun kafin ya faɗi, ta sauke shi a hankali a kan zanin.

"Tayyiba," ta ce, ba ta waiwayo ba, "je ki ɗora shinkafa."

"Umma, ai ba zai iya cin komai ba yau."

"Na ce ki ɗora. Babanki ya sauka."