Kwalaben da Baba Ta Wanke

Shekara shida Dakta tana kiwon abin da ido ba ya gani. Jirgin bincike ne ya kwaso mata laka daga ƙasan teku, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa, kuma a cikin lakar akwai ƙananan halittu. Wurin cike yake da asenik, guba ce, ga shi fosfaras, wanda kowane mai rai ke bukata, sai an tona. Ta zuba su a kwalabe, ta hana su fosfaras, ta cika su da gubar. Ba su mutu ba. Ta rubuta cewa guba suke ci a madadin abinci, kuma ranar Litinin takardar za ta tafi wurin masu buga sakamakon bincike. Da ita take son yin ritaya.

Da hantsi ta shiga ɗakin wanki neman kwalba. Baba mai wanke kwalabe na tsaye gaban famfo, kumfa har gwiwar hannu, gefenta ga ledar garin sabulu.

"Baba, wannan fa?"

"Daga gida nake kawowa, 'yar nan. Ruwan asid ɗin da kuke ba ni ba ya sa su ƙyalli. Sai na bi da wannan a ƙarshe."

"Tun yaushe?"

"Ai tun zuwana."

Dakta ta juya ledar ta karanta. Akwai fosfaras a ciki. Ta nemi kujera.

Kwana uku tana gwaji da sababbin kwalabe waɗanda sabulu bai taɓa ba. Halittun suka tsaya cak, ko motsi. Ashe ba gubar suke ci ba. Ɗan abin da sabulu ya bari a jikin gilashi suke tsinta, ƙwaya ɗaya cikin dubban ƙwayoyin guba, yadda ake tsince shinkafa daga tsakuwa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba wanda ya sani sai ita.

Ranar Litinin ta janye takardar. Baba ta same ta a ofis, tana murza bakin mayafi.

"Korata za a yi?"

"Shekara shida kina wanke mini kwalabe, ban taɓa zama na gaya miki dalilin da ya sa da asid kaɗai ake wanke su ba," in ji Dakta. "Zauna, Baba."

Ta jawo madubin duba ƙananan halittu, ta gyara shi daidai idon tsohuwar.

"Zo ki ga waɗanda kika ciyar."