Kafin Gumi Ya Goge Shi

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi, kuma a makarantarmu babu mai kirana da sunana. Malama Nuna Aiki ake ce mini, har mai gadi. Ni na jawo wa kaina. Yaro ya kawo mini amsa tsirara, ko daidai ce, maki ɗaya yake samu cikin biyar. Sauran huɗun na hanyar da ya bi ne.

Da Shugaban makaranta ya ce bana a kwamfuta za a yi jarrabawa, ban yi musu ba. Wa ya fi ni sanin wahalar takarda? Ni ce mai jan buhu biyu zuwa gida duk ƙarshen zango, in yi mako ina dubawa har idona ya yi ja, bayan shekara a kwaso su daga sito, abin da gara ta rage a cinna masa wuta. Amma Shugaba in ya kama abu sai ya wuce gona da iri. Ya sa aka buga sanarwa aka manna a bangon ofishinsa: "Ko falle ɗaya ba ma ɓatawa." Ya hana shiga ɗakin jarrabawa da takardar gwaji. Na je na ce masa lissafin 'yan ajin ƙarshe ba a yinsa a ka kamar cinikin tumatir. Ya ce ai akwai wurin gwaji a cikin kwamfutar. Akwai kam, wani ɗan akwati a gefen allo, wanda kafin ka zana kashi uku bisa huɗu a ciki lokaci ya yi gaba.

Ranar lissafi na kasa zama. Malami ba ya sa ido a jarrabawar darasinsa, don haka ina ɗakin malamai, in zauna, in miƙe, in leƙa taga. 'Yan zaman safe suna fitowa ke nan janareta ya yi tari biyu ya mutu, fankoki suka tsaya. Ba a jima ba aka ce Shugaba yana nemana.

Na tarar da Malamin Horo tsaye yana huci, a gabansa Siririya, yarinyar da ke zama a bencin gaba a ajina, wadda shekara uku ban taɓa jin muryarta ta wuce tebur biyu ba. Hannun rigarta na hagu a naɗe. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu rubutu ne da biro, layi bisa layi, kowace amsa an ja mata layi biyu a ƙasa yadda na koya musu.

"Ga ɗalibarki," in ji Malamin Horo. "A ƙofa na kama ta tana sauke hannun riga. Satar amsa ƙiri-ƙiri."

Dokar ba ɓoyayya ba ce. Duk wanda aka samu da rubutu a jiki, a soke masa jarrabawar gaba ɗaya, a kore shi. Ita kuwa jarrabawa biyu suka rage mata ta gama makaranta.

"A ciki na rubuta, Malama," ta ce, da ƙyar ake ji. "Wallahi a ciki. Na kasa yi a ka."

"Kowane ɓarawo haka yake cewa," in ji Malamin Horo.

Kunya ta kama ni, don laifin nan rabinsa nawa ne. Ni na yi shekara uku ina dukan tebur ina cewa hannu ya fara tafiya kafin kai ya biyo. Na kama hannunta na duba. Tambaya ta sha bakwai, 348 a raba da 12, sai wasu lambobi da ba su cikin littafinmu. Nan na tuna abin da Injiniya, mai kula da kwamfutocin, ya yi ta alfahari da shi ranar da ya koya mana: kwamfuta tana canza wa kowane ɗalibi lambobinsa a daidai lokacin da ya shiga, don kada na kusa ya kwafa.

"Yallaɓai," na ce da Shugaba, "lambobin nan ba su wanzu ba sai ƙarfe tara na safen nan. In sun yi daidai da abin da kwamfuta ta ba ta, ta ina za ta rubuto su daga gida? A buɗe a gwada."

Shugaba ya shafa haɓa. "Magana ce. A kira Injiniya."

Injiniya ya fita neman kayan gyaran janareta. A kira shi a waya? Wayoyinmu duka, har ta Shugaba, suna kulle a durowar ɗakin kwamfuta saboda jarrabawa, mukullin kuma yana aljihun Injiniya. Sai jira.

Ofishin ya ɗauki zafi kamar tanda. Na fita baranda, na dawo. Na aiki mai gadi bakin titi ya dubo Injiniya, na bi bayansa da kaina, na sake dawowa. Sai na kalli hannun yarinyar. Gumi ne ke tsattsafo mata, ga zafi ga tsoro, shuɗin biron ya fara narkewa yana gangarowa. Layin farko ya riga ya zama dabbare.

"Ɗaga hannun! Kada ki taɓa shi!"

Ta ɗaga shi sama kamar mai son ba da amsa a aji. Na cire gyalena ina yi mata fifita. Malamin Horo ya yi dariya ta hanci.

"Ki bar shi ya goge mana, Malama. Ni dai na gani da idona, kuma abin da na gani zan rubuta."

Gaskiyarsa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. In rubutun ya tafi, shaidarsa ce za ta rage, tata ta bi gumi.

"Yallaɓai, a ba ni takarda."

"Takarda kuma? A ofishin nan?"

"Falle ɗaya tak!"

Shugaba ya buɗe durowa ya nuna mini: caja, tabarau, maganin ciwon kai. Da gaske yake, bawan Allah. Na zazzage jakata, babu komai sai jan birona da na yi wata uku ban cire wa murfi ba. Malamin Horo ya ce ko na kwafa ba zai yarda ba, ai ɗalibata ce, zan iya gyara mata. Na dubi agogo, na dubi hannun. Lamba takwas da ke cikin tambaya ta sha bakwai tana neman komawa sifili.

Sai idona ya sauka a bango. Ban nemi izini ba. Na fizgo sanarwar nan ta "Ko falle ɗaya ba ma ɓatawa," har da ɗan fentin bangon, na juya bayanta fari, na kwantar a kan hannun yarinyar na danna da tafukana biyu.

"Malama!" in ji Shugaba, ya miƙe tsaye.

"A cire a albashina, Yallaɓai."

Na ƙirga ashirin na ɗaga a hankali. Tawada ta hau takardar, a juye, wani wurin ya fito raɗau, wani wurin sai inuwa. Hannun kuwa ya zama shuɗi kawai. Na ajiye takardar a tsakiyar teburin Shugaba na ce kowa ya janye hannunsa, har ni.

Sai ƙarfe ɗaya saura Injiniya ya shigo, hannu duk baƙin mai, yana mitar masu shago. Ban bar shi ya sha ruwa ba. Janareta ya tashi, muka ɗunguma ɗakin kwamfuta, ya buɗe tambayoyin Siririya. Malamin Horo da kansa ya manna takardar a gilashin taga, rubutun ya fito ta baya a miƙe tsakanin manyan haruffan sanarwar, yana karantawa Injiniya yana dubawa.

"Ɗari uku da arba'in da takwas, a raba da sha biyu."

"Haka yake."

"Ta ashirin da ɗaya, bakwai da rabi, sau sittin da huɗu."

"Haka yake. Na kusa da ita tara da rabi aka ba shi."

Suka gwada biyar. A ta biyar Malamin Horo ya sauke takardar ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce babu kora, babu sokewa, kuma 'yan zaman rana a ba kowa rabin falle, a karɓa a ƙofa. Rabin falle! Na karɓi hakan, don wanda ya samu rabi bai yi asara ba.

Na zauna a kujerar ɗalibai. Na zaci yarinyar za ta ruga waje ta yi kukanta. Sai ga ta tsaye a gabana, tana riƙe da shuɗin hannunta.

"Malama, ta sha bakwai ɗin kwamfuta ta ce na faɗi."

Na ɗaga takardar ga haske na bi layin ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai, sai a layin ƙarshe ta ɗauko tara ta rubuta shida. A wurin kwamfuta sifili ne, kuma haka zai tafi a sakamakonta. Na lalubo jan birona, na cire murfin da haƙori, na ja shi sau biyu a gefe kafin ya kawo. A bayan sanarwar Shugaba, kusa da aikinta, na rubuta mata huɗu bisa biyar.