Abin da Ya Maƙale a Ramin Caji

A wurin aiki Malam Shiru suke ce masa. Abokan tuƙinsa a kamfanin rarraba kaya sukan ce in za ka hau motarsa ka taho da rediyonka, don shi ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya bayar. Maƙwabta kuwa yabonsa suke yi. Suna cewa tun da ciwon ƙoda ya kama matarsa bai taɓa barin wani ya kai ta asibiti ba, shi ke ɗaukarta, shi ke jira a benci, shi ke dawo da ita. Da ta rasu suka ce mai haƙuri irinsa sai an tona. 'Yarsa tilo, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ita kaɗai ce ba ta cewa komai a kansa. Ita da kanta take fama.

Abin da ke cin ta a rai wata 'yar kwamfutar wasa ce, irin wadda ake riƙewa da hannu biyu. Tsofaffin ɗaliban mahaifiyarta, Umma, ne suka kawo wa malamar tasu, don ta rage tsawon zaman wankin ƙoda. Da farko Umma dariya ta yi, ta ce, "Ni da furfurata?" Ba a jima ba ta kamu da wani wasan lambu. Tana shuka, tana ban ruwa, tana faɗa da tsuntsayen da ke ci mata iri. Ta sha cewa ranar da lambun ya cika za ta haɗa shi da talabijin su gani su duka.

Sai dai batirin ya gaji, ba ya riƙe wuta, kullum kwamfutar a jone take. Ramin cajinta kuma guda ɗaya ne tal.

Wata safiya suna shirin tafiya asibiti, Uwata ta shigo da tire a hannu, ƙafarta ta harɗe da farar wayar cajin. Kwamfutar ta zame daga kan kujera ta faɗi a darduma. Umma ta ɗauka ta duba ta ce, "Ba komai, ga ta nan tana yi."

A mota Umma ta jona ta da jar wayar cajin da ke gaban direba. Suka faɗa cunkoso. Wayar salular Malam Shiru na gab da mutuwa, ogansa yana ta kira, na baya suna ta hon. Ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba ya fizge jar wayar ta gefe don ya jona tasa, ya ce, "Ke ba kya gajiya da wasan yaran nan?" Ya ji ƙas. Da ya duba, kan wayar babu. Umma ta kalli allon har ya yi baƙi, ta sa kwamfutar a jaka. Ranar haka ta kwanta ana yi mata wankin tana kallon silin.

Da suka dawo Uwata ta gwada farar wayar, ta ƙi shiga. Nan take ta fashe da kuka.

"Ni ce na kashe miki ita, Umma."

"Ba ke ba ce."

"Kina faɗa ne don kada in ji ciwo."

"Na ce ba ke ba ce," in ji Umma, ta juya ta kalli mijinta. Shi kuma ya sunkuya yana kwance takalmi. A ransa ya ce gobe zai faɗa, gobe zai kai gyara. Kafin goben ta zo jikin Umma ya rikice, aka ba ta gado, daga can ba ta dawo ba.

Watanni suka wuce kwamfutar na cikin durowa. Uwata ta rame. Ba ta zama a kujerar nan, ko waya ta gani a ƙasa sai ta tsaya ta naɗe ta. Malam Shiru ya taɓa jin ta tana ce wa ƙawarta, "Abu ɗaya ya rage mata na jin daɗi a duniya, shi ma na raba ta da shi." Yana bakin ƙofa a lokacin. Ya juya ya koma mota.

Ranar hutunsa ta fito da kwamfutar naɗe a ɗankwalin Umma.

"Baba, ka kai ni wurin gyara. Ina so in ga lambun."

Ya ɗauki makullin mota.

Shagon a saman bene yake, ƙarami, ko'ina wayoyi a rataye. Mai gyaran mace ce mai jiki, ana ce mata Anti Tabarau saboda gilashin ƙara girma da ba ya barin goshinta. Ta juya kwamfutar a hannu ta yi tsaki.

"Ai irin wannan ce, mai rami ɗaya kamar gidan ɓera. Da shi za ta ci wuta, da shi za ta hau talabijin, da shi za ta yi komai. Akwai masu biyu, in ɗaya ya mutu ka lallaɓa da ɗaya. Wannan kuwa in ya tafi, sai dai a yi mata addu'a."

"Ba za a iya ciro abin da ke ciki ta bulutut ba?" in ji Uwata. "Ko ta wayifai?"

"'Yata, wanda bai farka ba ai ba ya amsa sallama. Sai ta sami wuta tukuna." Ta zare wurin memori ta leƙa. "Babu kati. Komai yana cikin cikinta. Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Ni ce. Na yi tuntuɓe da wayar."

"Ku yaran zamani, idonku a sama, ƙafarku a ƙasa. Alhaji, ka zauna mana, kana tsaye a kaina kamar mai jiran sakamakon awo."

Ya zauna a bakin benci. Anti Tabarau ta sauke gilashinta, ta haska fitila cikin ramin, ta ɗauki ɗan hantsaki. Ta daɗe tana lallaɓawa. Can ta zaro wani guntun ƙarfe ta ajiye a kan farar takarda. A gindinsa akwai ɗan ɓallin roba, ja wur.

"Ga ɓarawon. Kan waya ne ya karye a ciki. Ina wayar da kika yi tuntuɓen da ita?"

Uwata ta ciro farar wayar daga jaka. Mai gyaran ta duba kanta.

"Wannan ai lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Tuntuɓe zare waya yake yi. Wannan fizga aka yi ta gefe, da ƙarfi kuma, har haƙoran ciki sun lanƙwashe. Ja ce wayar. Kuna da ja a gida?"

Uwata ta ƙura wa guntun ido. Shekara da shekaru tana ganin jar wayar nan a gaban motar babanta, har ranar da ta ga baƙar waya a madadinta ba ta kawo komai a ranta ba. Ba ta juyo ta kalle shi ba. Anti Tabarau ta dubi uban, ta dubi 'yar, ta haɗiye sauran maganarta.

"Bari in canja ramin," ta ce a hankali. "Ina da irinsa."

Ta kwance bayan kwamfutar, ƙaurin dalma ya cika shagon. Malam Shiru yana kallon bayan 'yarsa, yadda ƙasusuwan kafaɗarta suka fito ta cikin mayafi. Bai san ramar ta kai haka ba. Ko kuwa ya sani, kallo ne bai yi ba.

Da aka gama aka jona farar wayar, wata 'yar fitila ta kama. Mai gyaran ta ɗora kwamfutar a kan wani ɗan mazauni mai ramuka da yawa a baya, ta ce da shi ake ba ta wuta a kuma kai ta talabijin lokaci guda. Ta jona da talabijin ɗin da ke bangon shagon, ta miƙa wa Uwata abin dannawa.

Lambun ya fito, ya cika bangon. Babu abin da ya bushe, don a can lokaci bai motsa ba. Layukan tumatir sun nuna, ga kabewa, ga furanni a bakin shinge. A gaban ɗan gidan akwai kujeru uku a jere. Wata 'yar mata mai ɗankwali tana tsaye a tsakiyar wani layi da butar ban ruwa a hannu. Rabin layin jiƙe, rabi busasshe.

"Nan ta tsaya," in ji Uwata. Ta danna, 'yar matar ta taka ta zuba wa shuka ta gaba ruwa. Ta ajiye abin a cinyarta.

Anti Tabarau ta ce za ta leƙa ƙasa ta sayo ruwa, ta fita ta ja ƙofa.

Malam Shiru ya tashi ya zo ya durƙusa a gefen kujerar 'yarsa. Ya ɗauki guntun ƙarfen daga kan takarda ya riƙe a tafinsa.

"Ta gaya mini ba ni ba ce," in ji Uwata, idonta na kan talabijin. "Ban yarda da ita ba, Baba. Har ta tafi ban yarda da ita ba."

"Ni ne," ya ce. "A mota, da hannuna. Har na ce mata wasan yara ne. Ta jira in faɗa, ban faɗa ba. Na bar ki da kayan da ba naki ba, ina ji ina gani. Ita na makara, ba ta nan balle in roƙe ta. Uwata, ki yafe mini."