Jirgin Sixten Mai Kujera Biyu

Baƙon bai gama magana ba Sixten ya juya masa baya ya ja ƙofar gareji. Ina tsaye a bakin shinge da kwandon wanki, na ga 'yarsa Tuva ta fito da cikinta a gaba tana roƙon mutumin ya dakata, amma ina, mota har ta hau titi. Mai sayen jirgin sama na huɗu ke nan da maƙwabcin nawa ya kora a cikin wata guda.

"Baba, shi kuma wannan me ya yi maka?"

"Ya haye kujera bai duba mai ba."

Ni da ban taɓa tashi sama ba na san abin da yake nufi, don shekara talatin ina kallonsa ta tagar kicin. Kafin a tashi, ana tsiyayo mai kaɗan daga ƙarƙashin fiffike cikin 'yar kwalba, a ɗaga ta ga haske a ga ko ruwa ya kwanta a gindi. A wurin Sixten, wanda ya tsallake wannan ko keke bai cancanci a ba shi aro ba.

Maganar dai a fili take. Tuva da mijinta Malte da 'ya'yansu biyu suna cushe a ɗakunan saman gidan Sixten, ga shi likita ya ce tagwaye ne a cikin. Wani kafinta ya duba garejin jirgin ya ce zai fitar da ɗaki uku a ciki, in dai an ba shi wurin kafin ƙarshen Satumba, don ba ya taɓa rufi bayan ƙanƙara ta fara zuba. Malte kuwa ya samu gida a garin Sundsvall, ana jiran amsarsa. In jirgi bai fita ba, su za su fita. Sixten da kansa ya ce a sayar, da hannunsa ya rubuta tallan. Shekara biyu ke nan da likita ya hana shi tashi saboda ciwon zuciya, sai dai duk Asabar ya turo jirgin waje ya kunna, ya zauna a ciki yana girgiza mana kofuna a kan kanta.

Da yamma na ɗauki tulun kofi na tsallaka. Na same shi yana zagaye jirgin da tsumma, yana goge inda ya riga ya goge. Ya ƙi zama. Ya leƙa waje ya dubi sama, ya dawo, ya sake leƙawa, har na ce ko dai ya zauna ko in juye masa kofin a takalmi.

"Gunnel, ke da shekara talatin ina miki tayin kujera kina noƙewa, me kika sani game da jirgi?"

"Jirgi ban san shi ba. Akwati na sani, kuma yau na ga Malte yana sauko da guda uku daga saman rufi. Kai kana nan kana zaɓar wa ƙarfe uban riƙo."

Ya dafa ƙirjinsa kamar mai laluben aljihu, ya ce kofin nawa ya cika ɗaci. Na koma gida ina jin daɗin kaina, ina ganin na faɗa masa gaskiya.

Ranar Laraba wata ta zo a jirgin ƙasa daga Östersund, sunanta Ylva, likitar dabbobi ce, gajera, ba ta da yawan magana. Gaisuwa kawai ta yi ta nemi kwalbar duba mai. Ta tsuguna ta duba tayoyi, ta shafa farfela da tafin hannu, ta zauna a kan bokiti ta karanta littafin gyaran jirgin shafi bayan shafi. Sixten yana biye da ita yana neman laifi ya rasa. Da abin ya ishe shi, sai ya shiga tona asirin jirgin da kansa: ƙofa tana cijewa, injin ba ya son sanyi, yana ja hagu wajen sauka. Ita dai sai ta gyaɗa kai ta ce ta gani. Da azahar ya sa hannu a takarda.

Duk muka fito filin ciyawa na bayan gida, inda jirgin yake tashi. Jirgin ya ruga, ya ɗaga, ya zagayo ta kan tafki, ya kaɗa mana fiffike sau biyu kamar yadda matuƙa suke sallama. Yaran suna tsalle. Sixten ya sa hannu a goshi yana binsa da ido har ya shige bayan itatuwa.

"Ashe ɗan mitsitsi ne haka," ya ce da ni a hankali. "Ban taɓa ganinsa daga ƙasa ba."

A ranar Malte ya buga waya Sundsvall ya ce sun fasa. Kashegari kafinta ya shigo da katakonsa. Na ɗauka Sixten zai huta, ashe abin ƙaruwa zai yi. Ya shiga gareji ya hana masu aiki sakat, su kore shi, ya je akwatin wasiƙa sau uku kafin hantsi, ya tsaya tsakiyar hanya in ya ji ƙarar wani abu a sama.

Kwana tara da tafiyar jirgin na ga ya fito da tsohuwar taraktarsa ta yankan ciyawa. Na tare shi a shinge na tambaye shi wa zai sauka, tunda babu jirgi. Ya ce filin yana nan a taswirar matuƙa har sai an buga sabuwa da bazara, kuma duk wanda injinsa ya mutu a sama nan zai nufo yana zaton an yanke. Na ce ai Malte ya yi alkawarin yi ranar Lahadi. Ya ce inji ba ya jiran Lahadi, ya ja abarsa ya tafi.

Ina fere dankali na lura ƙarar ta daina zuwa da komawa, ta tsaya wuri guda. Na fita ko takalmi ban sa ba. Ya yi rabin filin, ya tsayar da tarakta, ya ja birki yadda ya kamata, kansa a kife kan sitiyari. Na kashe injin na kira sunansa, na sake kira. Ni na sa shi ya rabu da abin nan, kuma na san daidai ne, amma har yau in na tuna yadda na koma gida ina jin daɗin kaina, kunya takan kama ni.

Kwana biyu bayan jana'iza Tuva ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta tambaya ko ina da tsofaffin fararen zannuwan gado, nata ba su isa ba. Ta ce in an shimfiɗa farin abu a gicciye a kowane ƙarshen fili, duk matuƙin da ya hango ya san an rufe, kada ya sauka. Na ba ta huɗu, masu kyan, waɗanda nake ajiye wa baƙi.

Ba ta iya sunkuyawa, don haka ni na shimfiɗa, ita tana tsaye riƙe da ƙugu tana cewa in ja nan, in miƙe can. Muka danne gefuna da duwatsun bakin tafki. Daga gareji ana jin bugun guduma, kafinta yana kafa tagar ɗakin jarirai. Muka taka zuwa ɗaya ƙarshen a hankali, ta ɓangaren da aka yanke, ciyawar ɗaya ɓangaren tana goge mana gefen ƙafa.