Sabuwar Motar Alhaji Ma'azu

Ni nif fara gani, tun kafin masu latsa waya su gani, tun kafin 'yan boko su fara tsawaita baki a kai. Ban taɓa zama aji ba. Amma idon da yag ga ruwan Rima ya kwashe unguwarmu ya bar ni bisa tsamiya, yag ga kwalara ta share gidanmu ta tsallake ni, wanga ido ba ya buƙatar takarda kafin ya gane mushe. Kamfanin da ke ƙera motar nan Mai Rawani ya daɗe da mutuwa, sutura ce kawai ba a yi mai ba. Ni Lauwali nic ce haka gaban jama'a, anka yi mani dariya. To ga inda dariyar taƙ ƙare.

Alhaji Ma'azu na Goronyo shi ne uban albasa a ƙasarmu. A da, manoman Taloka da na Shinaka ba su buɗe rumbu sai motarshi ta tsaya bakin gona. Sama da shekara ashirin ke nan da yas sayo ta, baƙa wuluk, doguwa, da wata alama bisa hancinta kamar naɗin rawani, abin da yas sa muke kiranta Mai Rawani. Ranar da tash shigo gari, har daga Wurno da Rabah anka zo kallo. Mutane sunka kewaye ta, kowa na aza hannu yana cewa, "Allah sa a kashe lafiya, Alhaji." Yay yanka sa. Yas sa anka yi mata lamba mai ɗauke da sunanshi. Ledar da taz zo da ita bisa kujeru kuwa bai taɓa yarda an cire ba. In ta yage, a sayo wata a shimfiɗa.

Duniya tay yi gaba. Sirajo, wanda a da shi ke ɗinke ma Alhaji bakin buhu, yat tashi yaz zama dillali da kanshi, har yak kawo wata mota da ke magana, tana nuna ma mutum abin da ke bayanshi ba tare da ya waiwaya ba, tana tafiya shiru kamar kyanwa. Kamfanin Mai Rawani kuwa kowace shekara sai a ce sun fito da sabuwa, in an nuna hotonta a majalisar ƙofar gidan Alhaji, sai ka ga ita ce dai ta jiya.

Wata rana Sirajo yac ce, "Baba Alhaji, mutanen ga naka kwana sukai. Mota guda suka ta haihuwa, awa kaza da ƙwai."

Alhaji yay yi murmushi irin na wanda bai taɓa faɗuwa ba. "Ɗana, abin da yac cika ba a ƙara mai. Ka taɓa jin an sake ma raƙumi tozo?"

Nic ce, "Raƙumin ma, Alhaji, tirela ta amshe mai aiki." Anka ce tsufa ne ke damuna.

Sai shekarar da albasa tar ruɓe a rumbu. Kowa ya taɓu, amma bakin mutane bisa Alhaji yas sauka. Anka fara cewa ya karye, in ba haka ba mi zai sa mutum kamarshi ya yi ta jan mota guda har ta tsufa tare da shi? Magana tat tafi kasuwa, tad dawo da ƙafafu. Manoman Taloka sunka fara buɗe ma Sirajo rumbunansu. Alhaji na iya jure asara. Ya sha yin ta. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ya wuce a ce "Allah sarki."

Yay yanke shawara zai sayar da fadamarshi ta ƙasan madatsar ruwa, wadda ba ta san rani ba, ya sayo sabuwar Mai Rawani. Uwargidanshi Hajiya Zuwaira tat tare shi a tsakar gida.

Tac ce, "Alhaji, fadamar ga ita ka ciyar da mu ko an sayi albasa ko ba a saya ba. In dole sai mota, sawo irin ta yaran ga mana, kowa shi gani da ido nai."

Yac ce, "In hau abin da mai ɗinka mani buhu ka hawa? Hajiya, shiga ɗaki."

Da ni anka je Sakkwato ɗauko ta. Yab ba da tsohuwar a can, yac cika da kuɗin fadama. Da mai sayarwa yaj janye mayafin da anka rufe ta da shi, sai nij juya ina duba ko tamu ce anka zagayo da ita ta baya. Hanci guda, fitilu guda, alama guda, baƙin nan dai guda. Mai sayarwa na ta zuba, wai an ƙara wani ɗinki a gefen kujera.

Nic ce, "Alhaji, wagga ai ita ta."

Bai ji ni ba. Yana shafa ta yana shaƙar ƙanshin cikinta, idonshi ya cika da ƙwalla. Kafin mu taso yas sa anka ciro lambar nan mai sunanshi daga tsohuwar anka ɗaura ma sabuwar, don kada wani ya yi shakkar mai ita.

Ya shirya komi. Ranar Juma'a za ta fara shiga gari, daidai lokacin da masallaci ya cika. A gida an ɗaure rago, an sayo goro da dabino na masu zuwa sa albarka. Yat tuƙo ta a hankali cikin taro, gilashi a sauke, yat tsaya inda ya saba tsayawa. Mutane sunka raba mata hanya yadda sunka saba, ba wanda yaw waiwaya. Bayan an sallame yat tsaya jikinta yana gyara babbar riga, yana jira. Jama'a na gaishe shi suna wucewa.

Sirajo ne kaɗai yat tsaya. Yaz zagaya ta, yal leƙa yag ga ledar kujeru, yad dubi lamba.

Yac ce, "Baba Alhaji, wa yay yi maka fentin ga? Hannu nai na da kyau. Ta koma awa sabuwa."

Alhaji yac ce, "Sabuwa ta."

"Ai shi nic ce. Awa sabuwa."

Waɗanda ke kusa sunka sunkuyar da kai suna danne dariya. Alhaji yak kira ni shaida. Nir rantse da ni anka ɗauko ta. Wani yac ce, "Baba Lauwali, wanda ka cin tuwon gidan Alhaji safe da marece, ko jaki anka ce jirgi na ai sai shi rantse." Alhaji yas sa anka kira Uwaisu bakanike ya buɗe inji gaban kowa. Uwaisu yad duba, yaj jinjina kai, shi a ganinshi yabo zai yi.

Yac ce, "Alhaji, ka huta. Duk kayan da nit tara maka na gyara za su hau. Ko ƙusa guda ba ta bambanta ba."

Nan dariya taɓ ɓalle. Rago yak kwana uku a ɗaure, ba wanda yaz zo. Goro yab bushe a faranti. Kafin mako ya zagayo gari ya gama yanke hukunci: Ma'azu ya sayar da fadama don ya ci abinci, ya shafa ma tsohuwar mota fenti don ya rufe ido. Alhaji yad daina cin tuwo. Sai ya zauna cikin motar a ƙofar gida, ƙofa a buɗe, ko wani zai zo kusa ya ji ƙanshi. Mutane kuwa sai su bi ta ɗaya gefen hanya, don tausayi.

Wata safiya yac ce in raka shi Shinaka, zai je da kanshi ya ga manoman da sunka juya mai baya. Hajiya tac ce hanyar ba ta da kyau kwanan nan. Yac ce Allah ke tsarewa.

Rana ba ta yi zafi ba munka iske an tare hanya da kututture. Babura a gindin itace, mutane da bindigogi, fuskoki a naɗe. A gefen hanya an kwantar da fasinjojin wata motar haya rub da ciki, mafi yawansu manoman da Alhaji ke nema. Babban 'yan bindigar, wani dogo mai jan rawani, yat taho yana jan ƙafa, yad dubi lamba, yal leƙo ta taga.

Yac ce ma mutanenshi, "Ma'azu mai albasa na. Ba shi muka jira ba." Sannan yaj juyo. "Tsoho, labarinka ya iso muna. An ce ko fadama ba ka da ita yanzu. In mun ɗauke ka, hatsinmu kawai za ka ci. Ku janye mashi itacen ga." Yab bubbuga rufin motar da tafin hannu. "Tahi, je ka lallaɓa fentinka."

Daga cikin waɗanda ke kwance, wani yay yi dariya cikin ƙasa. Mutum da bindiga bisa kai, amma sai da yay yi ta.

Nic ce a hankali, "Alhaji, ja mu tahi."

Yaj ja. Mun wuce kututturen, hanya ta buɗe fetal, ba kowa gabanmu sai Allah. Amma sai nig ga yana rage gudu. Ba tsoro ba ne. Dariyar nan ce ke bin shi, ita da ta ƙofar masallaci, da kalmar fenti daga bakin mutumin da ko gari ba ya shiga. Har daji an san Ma'azu bai kai a sace shi ba. Gobe waɗannan manoma za su kai labarin Taloka, su kai Goronyo, a riƙa faɗin shi a wurin suna da wurin biki har bayan ranshi. Yat taka birki. Yas sa ribas.

Yaf fito, yag gyara hula, yat tsaya gaban dogon.

Yac ce, "Kai, yaro. Wagga mota sabuwa ta."

Dogon yad dube shi kamar bai ji daidai ba. "Mi kac ce, tsoho?"

"Sabuwa ta. Zo ka gani da idonka, tunda mutanen gari makafi na."

Yab buɗe mai ƙofa yac ce ya sa kai ya shaƙa. Yan nuna mai agogon da ke ƙirga tafiya, wanda bai yi nisa ba. Yaz zagaya yab buɗe but, yac ciro tayar ajiya, yak kama hannun ɗan bindigar yad ɗora bisa 'yan gashin roba da ke tsaye a jikinta, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba. Dogon yash shafa, yas sake shafawa. Yam miƙe a hankali.

Yac ce, "Wallahi sabuwa ta." Sai ya aza tafin hannu bisa hancin motar. "Allah sa a kashe lafiya, Alhaji."

Na san Ma'azu tun muna samari, ban taɓa ganin fuskarshi ta yi haske irin na lokacin ba. Yaj juya wajen manoman da ke kwance yac ce, "Kun ji ko?"

Yana cikin wanga murmushi anka ɗaure mai hannu ta baya da rawanin wani fasinja, anka aza shi bisa babur. Wani daga cikinsu yat tambaya ko a tafi da motar. Dogon yac ce ba ta shiga daji, kuma ko an kai ta kasuwa wa zai saya, kowa zai ce tsohuwa ce. Sunka zuƙe man da ke cikinta sunka zuba a baburansu, sunka watsa mata sauran, sunka ƙyasta ashana. Ledar kujeru ce taf fara kamawa.

Ni kuwa da anka zo kaina, nis saki baki, nil langaɓe wuya, niz zama kurma. Sunka taɓa ni da bakin bindiga sunka wuce. Ruwa bai ci ni ba, kwalara ba ta ci ni ba, su wa? Da ƙafata nid dawo Goronyo, kuma na iske la'asar a jam'i.

Sai da Hajiya Zuwaira tas sayar da gidan da rumbunan tab biya kuɗin fansa, sannan anka sako shi, bayan damina ta wuce. Sirajo ne yas saya, kuma kowa ya yaba mai da taimako. Alhaji yad dawo kamar sanda, haƙora biyu babu, yana zaune yanzu a ɗakin haya bayan tasha. Manoman da ke kwance ran nan sun ji komi da kunnensu, amma da anka tambaye su sai sunka ce, "Ɗan daji mi yas sani ga mota?" Gari ya tsaya a kan maganarshi: tsoho ya yi ma 'yan bindiga ƙarya don girman kai, sun yarda, ya jawo ma iyalinshi. In yara na son nishaɗi sai su bi ta ƙofarshi su ce, "Baba, sabuwa ta?" Shi kuwa sai ya miƙe ya fara rantsuwa, suna tafa hannu.

Kamfanin na nan, an ce bana ma sun fito da wata. Na ga hoton. Ita ce.

Ƙarfen motar na nan gefen hanyar Shinaka, baƙi ƙirin, awaki na shiga inuwarshi. Wanda ke ganin Lauwali ƙarya yake, ya je ya duba ya faɗa mani ko ta bana ce ko ta shekara ashirin. In ƙarfe bai gamsar da shi ba, akwai mutum guda da yash shafa tayar da hannunshi yat tabbatar. Dogo ne, mai jan rawani, yana jan ƙafa. Ba shi da wuyar samu. Mai shakka ya sa riga mai kyau ya bi hanyar da safe, ya tambaye shi da kanshi.