Sunan da Wada Bai Taɓa Faɗa Ba

Ana saura 'yan shekaru Faransawa su tafi, ni ne babban mushe, wato shugaban malamai, a lakwal, makarantar boko ta Magariya, ko da yake duk gari Mushe Jibo kawai ake ce mini. A shekarar da zan ba ku labari, cikin yaran da na kai jarrabawa ɗaya tak ya sami gurbi a kolej ta Damagaram, har da burus, wato gwamnati ce za ta ci da shi. Sunansa Usumanu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na fi yaron murna, kwana uku ina yawo a gari baki har kunne.

Saura abu guda, takardar haihuwa. Wanda aka haifa a ƙauye ba shi da ita, sai an je bariki gaban Bature, uba ya tsaya da shaidu biyu ya faɗa da bakinsa cewa yaro nasa ne, sannan a rubuta a buga hatimi. Baturen kuwa Litinin da Laraba kaɗai yake zama don wannan. Ranar Alhamis da safe motar wasiƙu za ta kwashi takardu zuwa Damagaram, wanda nasa ba su cika ba a ba na bayansa gurbin. Ni dai na ɗauka abin wasa ne. Wane uba ne zai kasa cewa ɗansa nasa ne?

Uban Usumanu shi ne Wada, manomin gyaɗa a Kwaya, mutum mai sanyin magana wanda ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Usumanu ɗan farinsa ne. Tun da aka yaye shi yayar Wada, Goggo Ɗela mai ƙuli-ƙuli, ta ɗauko shi ta kawo Magariya, a hannunta ya tashi. Duk wannan na sani. Na kuma san kunyar ɗan fari, don ni ma ba daga sama na faɗo ba. Amma boko ya cika mini kai, ban haɗa biyun ba sai da ta ɓaci.

Ranar Litinin Wada ya iso a kan jakinsa, da shaidunsa biyu: wansa Maikuɗi, da wani tsoho maƙwabcinsu. Muka shiga. Baturen saurayi ne, bai shekara a ƙasar ba, akawunsa kuwa mutumin Dahome ne mai Hausar kasuwa, abin da ka faɗa shi zai juya zuwa Faransanci, ba ƙari ba ragi.

Akawu ya nuna Usumanu ya ce, "Wannan yaro, ɗanka ne?"

Wada ya dubi ƙasa. Ya gyara hula. Ya dubi wansa ta wutsiyar ido, ya sake duban ƙasa.

"Ɗan Ɗela ne," in ji shi.

"Yaya sunansa?"

"To... su dai suka san abin da suke ce masa."

Na yi wuf na soma bayani da Faransanci, Bature ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya sha jin yadda ake yi a ƙasar nan, a kawo ɗan wani a rubuta da sunan wani, shi ba za a yi wannan da hatiminsa ba. Mutum ya ce yaro ba nasa ba ne, magana ta ƙare. Na roƙa, na yi rantsuwa, har na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Bature ba, wato don Allah. Da ƙyar ya ce mu dawo Laraba, amma da kunnensa yake so ya ji, don ya iya Hausar da za ta ishe shi gane "ɗana".

Da muka fito ban san lokacin da na hau dattijon da faɗa ba, a gaban masu gadi.

"Malam Wada, me ka yi mana haka? Shekara shida ina wahala da yaron nan, ka zo ka zubar a minti guda!"

Ya ce, "Mushe, ai ban yi ƙarya ba. Ita ta raine shi."

Na juya na bar wurin. Da na ƙara kalma ɗaya da na yi abin da zan daɗe ina nadama.

Washegari da hantsi na tafi gidan Goggo Ɗela, inda Wada ya sauka. Ban ci komai ba. A tsakar gida na tarar da sabon akwatin ƙarfe kore, an baje kaya a kan tabarma: bargo, wando biyu na kaki, takalmin roba, sabulu, kwanon sha. Ɗela ta riga ta sayar da ragonta da manyan tasoshinta na aure, ta tsallaka Babura ta sayo duk abin da takardar makaranta ta lissafa, tun kafin a ce mata ta saya. Tana ganina ta miƙe da ludayi a hannu.

"Mushe, gara da ka zo. Ga shi can zaure ya yi zuru kamar an aiko masa da mutuwa. Ni da a ce bakina Nasara yake so, da tuni na cika masa kunne. Kunya! Kunyar da za ta mayar da yaro gona ai ba kunya ba ce, mugunta ce."

Faɗa take, amma idonta ya yi ja. Na san ta kwana ba ta runtsa ba.

Na sami Wada a zaure na zauna kusa da shi. Yau na sassauta murya. Na ce kalma biyu ce kawai, ɗana, sai sunan. Na ce mu gwada a nan, ba kowa. Ya buɗe baki, ya rufe. Muka sake. Wallahi na koya wa yara masu taurin kai karatu, ban taɓa gumi irin na ranar ba.

Can ya ce, "Mushe, kai ba ka gane ba. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran Yaya Maikuɗi da suna ba. Ni ma tun ranar suna ban faɗa ba, uwarsa ba ta faɗa ba. Yanzu in tsaya gaban Yaya in buɗe baki in ce nawa? Da wane ido zan dube shi bayan nan?"

Na ce to a canja shaida. Ya ce ai an riga an rubuta sunayensu, ni ma na sani.

Ina fitowa na ga Usumanu a bakin ƙofa, ashe yana jin mu. Yaro ne mai shekara goma sha uku, siriri, ba ya son a ga hawayensa. Ya raka ni har bakin hanya, sannan ya ce, "Mushe, a ƙyale shi. In ba ya so ya ce ni nasa ne, kada a tilasta masa."

Na ce, "Kai, rufe mini baki, al'ada ce, kai ma ka sani."

Ya ce, "Na sani. Amma ko sau ɗaya ban taɓa ji ba, ta yaya zan san bambancin?"

Na tafi gida da wannan tambaya, tausayin yaron da haushin uban suna ta kokawa a raina.

Laraba muka koma. Goggo Ɗela ta biyo mu ta tsaya a gindin darbejiya, don ba a barin mata su shiga sai an kira su. Bature ya buɗe littafinsa, akawu ya maimaita tambayar Litinin, kalma bayan kalma.

Wada ya kafa wa ƙasa ido.

Ina jin ƙarar agogon bango. Bature ya jira, ya jira, sannan ya ɗauki murfin alƙalaminsa. Na ce a raina shi ke nan, yaro ya koma gona. Usumanu ya sunkuyar da kai.

Sai Maikuɗi ya motsa. Dattijon da bai ce uffan ba tun Litinin ya juya a hankali ya ba mu baya, ya fuskanci bango, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Tsohon maƙwabcin ya gani, shi ma ya juya. Bature ya ɗaga gira yana tambayar me ke faruwa, ban ko kula shi ba.

Wada ya runtse ido.

"Ɗana ne," ya ce, da murya kamar ta mai zazzaɓi. "Usumanu. Ni na haife shi."

Akawu ya soma juyawa, Bature ya ce ya ji. Amma ya ƙara da cewa in da gaske nasa ne, ya faɗi lokacin da aka haife shi. Na sake tsorata, don mutanen ƙauye da yawa nan suke tuntuɓe. Ashe ban san Wada ba.

"Ranar Talata ce, bayan la'asar, ana cirar gyaɗa, shekarar da rijiyar gabas ta rufta. Ina gona aka aiko. Na yar da kwashe na taho da gudu, da na zo ƙofar gida na tuna ba a shiga, sai na zaga bayan danga na tsaya ina jin kukansa. Yana da tabo a bayan kunnen hagu, da shi aka haife shi. Haƙorinsa na fari ya fito da azumi. Ranar da Ɗela ta ɗauke shi na bi su a baya har fadama, ba su gan ni ba. Duk ranar kasuwa in na shigo Magariya sai na bi ta bayan lakwal, in ji muryarsa cikin na yara, sannan in wuce."

Akawu ya daina juyawa tun tuni, ya saki baki, ni na ƙarasa wa Bature da Faransanci. Bature ya tashi da kansa ya duba bayan kunnen Usumanu, ya koma ya zauna. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo mini takardar. Na karɓa da hannu biyu, ina tsoron kada gumin tafina ya ɓata tawadar.

A waje Goggo Ɗela ta rangaɗa guɗa har mai gadi ya daka mata tsawa. Maikuɗi ya wuce gaba abinsa kamar bai ji komai ba a ciki. Wada ya nufi inda ya ɗaure jakinsa, na bi shi don in yi masa godiya, in kuma ba shi haƙurin faɗan da na yi masa. Na tarar yana ta fama da igiya, ƙullin ya ƙi kwancewa. Usumanu na tsaye bayansa, taku biyu, fuska sharkaf.

"Mushe," in ji Wada, bai ɗago ba, "yanzu shi ke nan za su tafi da shi?"

Na ce, "Takardu gobe. Shi kuma bayan damina."

"Shekara nawa?"

"Huɗu, in Allah ya yarda. In ya yi ƙoƙari su wuce da shi gaba."

Ya jinjina kai. "Shekara goma sha uku ban ce nawa ba ne, yana nan kusa, ina jin muryarsa. Yau na faɗa, an ɗauke shi."

Usumanu ya matso ya durƙusa, ya janye hannun ubansa daga igiyar ya kwance ƙullin. Ya miƙa masa, amma bai saki hannun ba, Wada kuma bai janye ba.