Hannun Salbiah

Salbiah na bayan tasi, masu kiran waya a rediyo suna ta cacar baki kan dokar sanya mace a majalisar daraktocin kamfani.

"Shirme ne, Inna," in ji direban. "Masu kamfanonin matansu za su jera kamar tukwanen fulawa."

"Gaskiyarka, ɗana," ta ce. Ita ma ɗaya ce daga cikin tukwanen.

Mijinta Mustapa ne ya kafa kamfanin ƙera kujeru a garin Muar. Ko sadakar arba'in ɗinsa ba a yi ba ƙaninsa Kamarudin ya haye shugabanci, ya sallami 'yarta Suraya, wai aikin ya fi ƙarfin mace. Da doka ta matse shi, sai ga shi har gida da ledar 'ya'yan itacen durian, yana so ta zama darakta.

"Matar Yaya, ba wani aiki ba ne. In na gyara hulata, ki ɗaga hannu, shi ke nan."

Ta yi ta ɗagawa kuwa, taro bayan taro, baki na murmushi. Ta tsane shi, kuma ba ta taɓa neman gafara a kan hakan ba. Shi ya sa da abokin hamayyarsa Ridzuan ya yi mata alkawarin mayar da Suraya ofis in ta juya wa Kamarudin baya, ba ta ja zance ba.

*

Yau ake zaɓen sabunta wa'adin Kamarudin. Sauran daraktoci sun rabu biyu cif, shi kuma ba shi da damar zaɓen kansa, saura ƙuri'arta.

"Masu goyon baya?" in ji sakataren taro.

Kamarudin ya gyara hula. Ta zuba masa ido. Ya sake gyarawa, ya tura ta ƙeya, ya dawo da ita goshi, gumi na bin wuyansa.

"Matar Yaya, ko barci kike?"

"Idona biyu, Din. Hannun ne ya gaji."

"Masu adawa?"

Ta ɗaga hannun sama, har warwaronta ya zame zuwa gwiwar hannu.

*

A bakin ƙofa sabon shugaba Ridzuan ya tare ta, yana washe baki.

"Mun gode, Hajiya. Yanzu ki je ki huta, matata za ta karɓi kujerar."

"Suraya fa?"

"Za mu duba," ya ce, idonsa a kan waya.

Ta juya. Ta gilashi ta hango Kamarudin shi kaɗai a ɗakin taro, ya haɗa kai da tebur. Ta kalle shi har ta ƙoshi. Sannan ta kira Suraya, wayar na ƙara, ita kuwa ta rasa da wane labarin za ta fara.